Ƙarar Inji a Hawan Bauchi zuwa Jos: Nazarin Wata Tsohuwar Akori-kura

Motar da wannan nazari ya shafa tsohuwar akori-kura ce ƙirar Peugeot 504, daga cikin waɗanda aka harhaɗa a masana'antar Peugeot ta Najeriya, wato PAN, da ke Kakuri a Kaduna, wadda ta fara aiki a 1975 kuma ta ci gaba da fitar da 504 har zuwa 2006, shekaru da dama bayan an daina ƙera ta a Faransa. Injin da ke cikinta ba shi ne wanda ta fito da shi ba. Wani da ya taɓa mallakarta ya sauke na asalin, ya ɗora mata ɗan Beljiyam mai silinda huɗu da girman cc 1971, wanda gangar jikinsa ta baƙin ƙarfe ce, kansa kuma na alminiyam. Yana shan fetur ta kafreta ƙirar Solex, wutarsa kuma tana rabuwa ta distirbuta mai kwantak, wato ƙananan ƙarafa biyu da ke haɗuwa suna rabuwa don tayar da wuta. Babu kwamfuta a jikinsa, balle na'urar da ke jin ƙarar inji ta ja da taimin, wato lokacin da fulogi ke tartsatsi, baya kamar yadda motocin zamani ke yi da kansu. Duk yadda bakanike ya saita shi, a haka zai yi ta aiki, ko yana cutuwa ko ba ya cutuwa.

Aikin motar shi ne ɗauko kayan gwari daga kasuwar Farin Gada a Jos zuwa Bauchi, ta koma da buhunan hatsi, wani lokaci da siminti. Tafiyar ta kai kimanin kilomita 130, kuma ba shimfiɗaɗɗiya ba ce, domin Bauchi tana kan tsayin kimanin mita 600 daga matakin teku, Jos kuwa kusan mita 1,200. Wato motar tana gangarowa da kaya marasa nauyi da sanyin asuba, sannan ta hau da lodi mai nauyi da tsakar rana. Wannan tsarin tafiya, wanda babu wanda ya kula da shi da farko, shi ne daga baya ya bayyana rabin matsalar.

Koken da aka kawo

Direban ya ce idan ya baro Bauchi da lodi, da zarar inji ya ɗauki zafi kuma hanya ta fara hawa, musamman daga wajen Nabordo zuwa Tilden Fulani, sai ya riƙa jin wata ƙara mai kaifi daga inji, kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, duk lokacin da ya taka totur a giya ta huɗu. Idan ya ɗaga ƙafa ƙarar ta ɗauke, idan ya sauko giya ta uku ta ragu sosai. Bayan wannan akwai wasu abubuwa da ya ambata a matsayin ƙananan matsaloli dabam: allurar zafi tana hawa a kan tudu, motar tana tari ta kafreta idan an taka ta da gaggawa, ba ta tsayuwa a silo, wato inji na aiki ba a taka totur ba, sai an ɗan ja cok, kuma idan an kashe makulli bayan doguwar tafiya sai injin ya ci gaba da karkarwa na ɗan lokaci kafin ya mutu.

Mai motar ya zo ne da tsoro guda, cewa inji zai buga. Tsoron ya riga ya ci masa kuɗi, domin a wani gareji an kwance kaskon baƙin mai an sauya masa metal, wato ƙarafan da karanshaf ke juyawa a cikinsu, gaba ɗaya, a wani kuma an cire tamostat, wato abin da ke tare ruwa har inji ya ɗumama, an yar, an kuma sa masa sababbin fulogi. Ƙarar ba ta fasa ba. Da aka tambayi direban ko an taɓa kafreta, sai ya ce: «Ranka ya daɗe, ai tun da mai ya tashi maigida ya sa aka matse ta a Jos, kuma lafiya lau take tafiya har damina ta wuce, har aka fita sanyi.» Maganar tasa gaskiya ce. An sanar da cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu 2023, kuma cikin 'yan kwanaki lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da naira 500 a Arewa, don haka masu motocin haya da yawa suka nemi a rage wa motocinsu shan mai ko ta wace hanya. Ƙarar ba ta fito fili ba sai da bazarar da ta biyo baya ta kankama, lokacin da zafin rana a Bauchi kan doshi digiri 40.

Rarrabe ƙarar

Matakin farko shi ne tabbatar da wace irin ƙara ce, domin inji yana da ƙararraki iri-iri kuma kowace da lokacin da take fitowa. Ƙarar metal ɗin kwanrod, wato sandar da ke haɗa fistin da karanshaf, tana da nauyi, daga ƙasan inji take tasowa, ana jin ta ko mota tana tsaye idan an ɗan ba ta wuta an saki, kuma tana raguwa idan an zare wayar fulogin silindar da abin ya shafa. Ƙarar fistin da ya yi lako-lako a cikin silif, wato hannun silindar da yake kai da komo a ciki, tana fitowa ne da safe inji yana sanyi, ta lafa idan ƙarfe ya ɗumama ya buɗe. Ƙarar bawul kuwa siririya ce, daga sama take, tana tafiya daidai da rabin gudun inji, kuma ba ruwanta da lodi. An ɗora bakin dogon sukundireba a wurare dabam-dabam na jikin injin aka kara ƙotarsa a kunne, aka zare wayoyin fulogi ɗaya bayan ɗaya, aka tsiyayi baƙin mai a farin faranti aka duba shi a hasken rana ko za a ga ƙyallin garin ƙarfe. Ba a sami komai ba. Motar tana tsaye a gareji, ko an ba ta wuta ko ba a ba ta ba, ƙarar da direba ke kuka da ita ba ta fitowa. Ƙarar da sai da lodi, sai da zafi, sai a babbar giya da ƙaramin gudun inji, kuma take ɗaukewa da an ɗaga ƙafa, ba daga ƙarfen da ya ci take zuwa ba. Daga cikin ɗakin ƙuna take, wato yadda man ke ƙonewa ne ya ɓaci.

A ƙa'ida fulogi yana tartsatsi ne kafin fistin ya kai ƙarshen hawansa, domin cakuɗar mai da iska ba ta ƙonewa lokaci guda. Wutar tana farawa daga bakin fulogi ta bazu zuwa gefe, ta yadda matsin zai kai ƙololuwarsa jim kaɗan bayan fistin ya juya ya fara sauka, kimanin digiri 15 na juyawar karanshaf. Yayin da wutar ke tafiya, ragowar cakuɗar da ke can gefe tana ƙara matsuwa tana ƙara zafi. Idan ta jure har wutar ta iso ta, ƙunar ta tafi daidai. Idan kuwa zafi da matsi suka fi ƙarfinta, sai ta fashe da kanta nan take, igiyar matsi ta riƙa kai da komo tsakanin bangon silinda sau dubbai a daƙiƙa ɗaya, kuma girgizar da ƙarfe ke yi a lokacin ita ce ƙarar da ke kaiwa kunne. Illar ba a ƙarar take ba. Iskar da ke ƙonewa a cikin silinda tana wuce digiri 2,000, alhali alminiyam yana narkewa a wajen digiri 660, kuma abin da ke tsare fistin shi ne wani siririn rufin iska mai ɗan sanyi da ke manne da fuskarsa. Fashewar tana share wannan rufi, zafi ya shiga ƙarfe kai tsaye, inji ya ƙara zafi, ƙarin zafin kuma ya ƙara jawo fashewa.

Abubuwan da ke kai inji ga wannan hali sanannu ne: taimin da ya yi gaba da yawa, man da bai da ƙarfin jure matsi, ƙarancin mai a cikin cakuɗa, matsi fiye da ƙima, da zafin inji ko na iskar da yake shaƙa. Wahalar ita ce a tsohuwar mota da wuya a tarar da ɗaya kaɗai. Shi ya sa aka ɗauki ƙa'idar gyara abu guda sannan a fita gwaji da lodi kafin a taɓa na biyu, ko da yake hakan yana cin lokaci kuma mai mota ba ya son ganin motarsa a ajiye.

Taimin da abin da yake ɓoyewa

An fara da distirbuta. Ratar kwantak ta buɗe fiye da milimita 0.40 da ake bukata, kuma a irin wannan tsari buɗewar rata tana tura taimin gaba, shi ya sa ake fara saita rata kafin a duba taimin, ba a yin akasin haka. Da aka cire tiyon zuƙa, wanda ke kai wa distirbuta ƙarfin jan iskar inji, aka haska fitilar taimin, sai aka tarar wuta tana tashi kusan digiri 18 kafin fistin ya kai sama, alhali ƙa'idar wannan iyalin injuna a silo ba ta wuce digiri 10 ba. Akwai abin lura a nan ga masu koyon aiki: injunan Faransa sukan fara ƙirga silinda daga wajen giya ne, ba daga wajen lagireto ba. A ƙarƙashin farantin kwantak kuma an tarar ɗaya daga cikin ƙananan sifirin biyu da ke riƙe nauyayan da ke ƙara taimin ya saki, saboda haka nauyayan suna buɗewa tun inji bai yi gudu ba, daidai wurin da direba ke jan lodi a giya ta huɗu. An sauya sifirin, aka saita rata, aka mayar da taimin ƙa'ida.

Sakamakon gwajin shi ne ya fi komai amfani a binciken gaba ɗaya. Ƙarar ta ragu da yawa, amma motar ta yi sanyi ƙwarai, tarin kafreta ya ƙaru, allurar zafi kuma ta hau fiye da da. Wanda ke gaggawa zai ce gyaran bai yi ba ya mayar da distirbuta inda take. Abin da sakamakon ke nunawa kuwa shi ne ba a banza aka tura taimin gaba ba. Cakuɗar da mai ya yi ƙaranci a cikinta tana ƙonewa a hankali, don haka ƙarfin inji yana raguwa, wani ɓangare na ƙunar ya ƙarasa a bakin bawul da salansa, har wani lokaci wutar ta tarar da sabuwar cakuɗa tana shigowa ta koma da ita ta kafreta, wanda shi ne tarin. Bakaniken da ya matse kafretar ya ga motar ta yi rauni, sai ya juya distirbuta da kunne har ƙarfi ya dawo. Kuma a Jos ya yi hakan, inda iska ta fi ta Bauchi sanyi da rashin kauri. A kan tudu inji yana shaƙar iska kaɗan, don haka matsin cikin silinda yana raguwa, kafreta kuma tana ba da mai fiye da yadda take bayarwa a ƙasa idan an gwada da nauyin iskar. Saitin da ya zauna lafiya a Jos da hantsi ba tare da lodi ba, shi ne yake ƙara a Nabordo da azahar da buhuna a baya. A ganina bakaniken bai yi ha'inci ba. Ya gwada motar ne a wurin da ba za ta taɓa nuna masa aibin aikinsa ba.

Fulogin da aka zaro bayan gwajin sun tabbatar da zargin. A injin da cakuɗarsa ta daidaita, farin tangaran da ke bakin fulogi yakan yi ruwan ƙasa-ƙasa. Uku daga cikin waɗannan fari fat suke, da ƙananan ɗigo masu ƙyalli a jikin tangaran, waɗanda ba komai ba ne illa ɓurɓushin ƙarfen fistin. Ɗayan da ya rage, na silindar da ke can baya wajen giya, gindinsa ya jiƙe da baƙin mai, ƙarfen bakinsa kuma ya zaizaye. Lambar da ke jikinsu ta nuna masu riƙe zafi ne fiye da waɗanda injin ke bukata. An sa su ne don na baya ya daina toshewa da baƙin mai, amma fulogin da ke riƙe zafi bakinsa yakan yi ja har ya kunna cakuɗa tun kafin tartsatsi. Wannan ya fi fashewar da aka bayyana a sama haɗari, domin shi ne ke huda fistin, kuma shi da kunkunniyar da ta yi jajir a ɗakin ƙuna su ne ke sa inji ya ci gaba da karkarwa bayan an kashe makulli.

Inda man ya ɓace

Fetur yana ƙonewa tsaf ne idan an haɗa kashi ɗaya nasa da kashi 14.7 na iska bisa nauyi. Amma injin da ke jan lodi da totur a buɗe ba wannan yake so ba, yana bukatar wajen kashi 12.5 zuwa 13, domin rarar man tana ƙafewa ta sanyaya ɗakin ƙuna ta hana fashewa. Ma'ana, cakuɗar da za a kira daidai a kan shimfiɗaɗɗiyar hanya ta riga ta yi ƙarancin mai a kan hawa. Ƙarancin kuma ta hanya biyu yake zuwa, ko dai iska tana shiga ta ɓarauniyar hanya, ko kuwa man ne ba ya isowa.

An fara da iskar. Lafiyayyen inji a silo yakan nuna inci 17 zuwa 21 a ma'aunin zuƙa a matakin teku, ana rage kimanin inci ɗaya a kowane mita 300 na tsayi. Wannan ya nuna 13, allurar kuma tana yawo. Da aka matse tiyon da ke zuwa safon birki, wato abin da ke sauƙaƙa taka birki, da filaya, silo ya daidaita nan take. Tiyon ya tsage ta ƙasa inda ido ba ya gani, daidai bakin abin ɗaurinsa. Da aka fesa maganin wanke kafreta a gindinta kuma, gudun inji ya canza, alamar gaskit ɗin wurin yana shan iska. Wasu da fetur suke wannan gwaji, kuma ganganci ne a kusa da distirbuta mai tartsatsi. An sauya tiyo da gaskit, silo ya zauna ba tare da cok ba, ma'auni ya hau 17. Amma a kan hawa ragowar ƙarar da tarin suna nan, kuma dalili a fili yake. Ɓarauniyar iska tana tasiri ne lokacin da totur ke rufe kuma zuƙa ke da ƙarfi; idan totur ya buɗe gaba ɗaya, iskar da ke shiga ta tsagar tiyo ba ta taka kara ta karya ba a gaban wadda ke shiga ta babbar hanya. Haka ma sukurun da ke gefen kafreta, wanda mutane da yawa ke zaton shi ke rage shan mai, silo kaɗai yake sarrafawa. Saboda haka matsewar da direba ya ambata tana ciki, sai an buɗe.

Da aka ɗaga murfin kafreta, abubuwa biyu suka bayyana. An lanƙwasa harshen fulot, wato abin da ke iyo a kwanon man kafreta, ta yadda yake rufe mai tun kwanon bai cika ba, kuma idan matakin mai ya yi ƙasa a kwano sai iska ta sha wahalar jawo shi. Sannan babban jet, wato ƙaramin ƙarfe mai rami da mai ke bi ya fita, ba nata ba ne. Solex tana buga wa jet lamba ne gwargwadon faɗin raminsa, kuma wanda aka tarar ya gaza wanda littafin injin ya tanada da kimanin kashi 10 cikin 100. A ido bambancin ba komai ba ne, amma mai yana bin girman filin rami ne, kuma ramin da faɗinsa ya ragu da kashi 10 filinsa yana raguwa da kusan kashi 19. An hana injin kusan kashi ɗaya cikin biyar na man babbar hanyarsa, a lokacin da ya fi bukatarsa. A ƙasan kwanon akwai jan garin tsatsa, matatar mai ta toshe rabi, ƙaramin famfon da ke watsa mai idan an taka totur da gaggawa kuma robarsa ta bushe, yana ɗigo maimakon feshi. An sa jet na ƙa'ida, aka daidaita fulot da ma'auni, aka sauya roba da matata, aka sauke tanki aka wanke. An tarar kuma an cire bututun da ke kawo wa matatar iska iskar waje, injin yana shaƙar zazzafar iskar ƙarƙashin bonet, aka nemo wani aka mayar.

Tun farko direban man fetur yake zargi, kuma yana da hujja, tunda har hukuma ta taɓa tabbatarwa, a watan Fabrairun 2022, cewa an shigo ƙasar da fetur mai sinadarin metanol fiye da ƙima. Ƙarfin jure matsi na fetur da lambar okten ake auna shi, kuma injunan zamanin wannan motar da aka yi wa kasuwar Turai an tsara su ne a lokacin da ake zuba wa fetur sinadarin darma don ɗaga wannan lamba, abin da ƙasashen Afirka kudu da Sahara suka daina zuwa farkon 2006. Don a raba gardama, an ɗiga man tankinsa a farar takarda, aka ɗiga na wani gidan mai a gefe. Na gidan man ya bushe bai bar komai ba, nasa kuwa ya bar da'irar maiƙo, alamar akwai man gas ko kalanzir a ciki. Ya amsa cewa yakan ƙara mai a wajen 'yan bumburutu idan dare ya yi masa a hanya, jarkokinsu kuma ba a san me suka ɗauka jiya ba. Man gas kaɗan ya isa ya karya lambar okten. Amma gwajin da aka yi da tsabtataccen mai a galan, aka haɗa shi kai tsaye da famfon mai tun kafin a gyara kafreta, ya nuna ƙarar ta ragu ne kawai ba ta tafi ba. Man ya taimaka wa cutar, amma ba shi ne tushenta ba.

Ɓarnar da ta riga ta auku

Fulogin baya da ya jiƙe da baƙin mai ya sa dole a auna matsi. Silinda uku sun nuna kusan 12 a awon matsi na bar, wanda ya yi yawa ga injin da ya tsufa haka, ta bayan kuma ta tsaya a 9. Da aka zuba mata ɗan baƙin mai ta ramin fulogi aka sake aunawa sai ta hau, wanda ke nuna matsalar a ringi take, ba a bawul ba. Aka gaya wa mai motar cewa sai an buɗe kan inji. Ya ce, «Malam, ka ce ba metal ba ne, yanzu kuma ka ce a buɗe?» Aka nuna masa fulogin da ma'aunin, ya amince ba da son ransa ba.

Wannan inji silif ɗinsa masu cirewa ne, ruwa yana zagaye su kai tsaye, don haka da an ɗaga kai sai a danne su da ƙarafa kafin a juya karanshaf, in ba haka ba hatimin gindinsu ya motsa ruwa ya gangara cikin baƙin mai. Kan fistin da ɗakunan ƙuna sun yi kunkunniya mai kauri da tauri, wadda ke rage faɗin ɗaki ta ƙara matsi, kuma take riƙe zafi. Fuskar kan injin ta nuna an taɓa kankare ta a injin fesin, mai yiwuwa bayan wani tsohon zafi, wannan ma ƙarin matsi ne. A fistin na baya, gefen da ya fi nisa da fulogi ya yi kaushi ya zaizaye, ringin sama ya karye gida biyu, ƙarfen da ke tsakanin ringi na farko da na biyu kuma ya tsage. Nan ne ainihin inda ragowar cakuɗa ke fashewa. Dalilin da ya sa ta baya ta fi shan wahala shi ne ita ce mafi nisa daga famfon ruwa, kuma laka da tsatsa sun taru a gindin silif ɗinta saboda ruwan rijiya da ake zuba wa lagireto. Cire tamostat bai ƙara sanyi ko kaɗan ba, domin a lokacin da inji ya yi zafi tamostat a buɗe yake dama; abin da cirewar ta haifar kawai shi ne inji ya daɗe bai ɗumama ba da asubar Jos, yana shan mai yana tara kunkunniya.

Idan aka jera abin da aka gano bisa yadda ya faru, kowane gyara ya zo ne don rufe abin da na gabansa ya haifar. An rage mai sai ƙarfi ya tafi, aka tura taimin sai bazara ta kawo ƙara da zafi, aka cire tamostat, fashewa ta karya ringi, baƙin mai ya toshe fulogi, aka sa masu zafi, daga nan aka zargi metal. Garin neman gira aka kusa rasa ido, domin kuɗin metal da na fistin da silif, da kwanakin da motar ta yi ba ta aiki, sun ninka duk abin da matsewar ta taɓa ragewa.

An sa sabon silif da fistin da ringi a silindar baya, aka sauya ringin sauran, aka kankare kunkunniya, aka sa gaskit mai ɗan kauri don rama fesin da aka yi, aka wanke hanyoyin ruwa da lagireto, aka mayar da tamostat da murfin lagireto mai riƙe matsi. An saita bawul inji yana sanyi, milimita 0.10 na shiga da 0.25 na fita, aka sa fulogi na ƙa'ida. Bayan sabon ringi ya zauna, an yi saitin ƙarshe a Bauchi da rana, da cikakken lodi, a kan hawan da ake jin ƙarar. A taimin na ƙa'ida an ji ɗan alamarta idan aka taka totur har ƙasa a giya ta huɗu da ƙaramin gudu, don haka aka ja shi baya da digiri biyu, ta ɗauke. An zaɓi a yi asarar ɗan ƙarfi saboda kan injin da aka kankare ba ya komawa yadda yake, kuma ba kullum direba zai sami man da ya yarda da shi ba. Fulogin da aka zaro a saman hawan, bayan an kashe inji nan take ba tare da an bar shi a silo ba, dukansu ruwan ƙasa-ƙasa suke.

Game da shan mai, wanda shi ne asalin maganar, direban ya ce abin da yake zubawa a zuwa da dawowa bai ƙaru yadda maigidansa ya ji tsoro ba, tunda yanzu ba ya kwana da ƙafa a kan totur kafin motar ta hau tudu. An umarce shi da ya riƙa saukowa giya ta uku tun kafin inji ya fara nishi a kan hawa, ya kuma cika tanki a gidan mai kafin ya baro gari. Abu guda da ba a gyara ba shi ne sandar totur ta kafreta, wadda ta ci raminta har tana ɗan motsi idan an girgiza ta da yatsa. A yanzu iskar da take sha kaɗan ce kuma sukurun silo yana rama ta, amma za ta ƙaru, kuma an gaya wa mai motar cewa ranar da silo ya sake neman cok, sai a sa mata bushin ko a nemo wata gangar kafretar, kada a bari kowa ya taɓa jet ko distirbuta.